Farfaɗowar tsofaffin samfuran amfilifaya

Farfaɗowar tsofaffin samfuran amfilifaya wani salo ne da ya yi ƙarfi a kasuwar kayan sauti ta duniya tun daga ƙarshen shekarun 2010, inda kamfanoni ke sake ƙera na'urorin ƙara ƙarfin sauti da suka yi suna tsakanin shekarun 1950 da 1980, da sunansu na da da kuma kamanninsu na da. A lokaci guda kuma farashin ainihin tsofaffin na'urorin ya tashi a kasuwannin gwanjo na Turai, Amurka da Japan. Lamarin ya shafi Najeriya ta wata fuska dabam. An shigo da irin waɗannan na'urori da yawa a zamanin bunƙasar man fetur, musamman garuruwan masana'antu irin su kudancin birnin Kaduna, kuma waɗanda suka rage daga cikinsu a yau suna tsakanin hannun mai gyara, mai sayen gwangwan da mai neman tsohon kaya don sake sayarwa.

Yadda amfilifaya ke aiki

Amfilifaya na'ura ce da ke karɓar ƙaramin sauti na lantarki daga garmaho, kaset, rediyo, makirufo ko waya, ta ƙara masa ƙarfi har ya iya motsa sifika. Ana auna ƙarfinta da wat. A sitiriyo akwai ɓangare biyu, hagu da dama, shi ya sa ake faɗin ƙarfin kowane ɓangare.

Na'urorin farko sun yi aiki ne da bawul, wato wani ƙwai na gilashi mai kama da ƙwan lantarki, wanda Lee de Forest ya samar da nau'insa mai ƙara ƙarfi a 1906. A 1947 aka ƙirƙiro taransista a ɗakin bincike na Bell a Amurka, kuma zuwa ƙarshen shekarun 1960 ta maye gurbin bawul a yawancin kayan gida saboda araha, ƙanƙanta da ƙarancin zafi.

Injiniyoyi na raba amfilifaya aji-aji bisa yadda take amfani da wuta. Ajin A na jan wuta cikakkiya ko da ba a kunna komai ba, kuma abin da ke zama sauti ba ya wuce rabin abin da ta ja, sau da yawa ma ƙasa da kashi 25 cikin 100. Sauran zafi yake zama. Ajin AB, wanda yawancin sitiriyon shekarun 1970 ke ciki, ya fi tattali. Ajin D kuwa, wanda ya mamaye kasuwa a wannan ƙarni, yana kunna wuta yana kashewa sau ɗaruruwan dubbai a cikin daƙiƙa guda, kuma yana iya juya kusan kashi 90 cikin 100 na wutar da ya ja zuwa sauti. Wannan bambanci shi ne tushen yawancin muhawarar da ake yi, kuma a inda wuta ke da tsada ya fi komai muhimmanci.

Samfuran asali

A 1945 kamfanin Harold Leak na Landan ya fitar da amfilifayar da ya kira Point One, saboda gurɓacewar sautinta ba ta wuce kashi 0.1 cikin 100 ba. A 1947 mujallar Wireless World ta buga tsarin D. T. N. Williamson, wanda masu haɗa na'ura da hannu suka kwaikwaya a ƙasashe da dama. Peter Walker ya fitar da Quad II a 1953, sannan Quad 33 da 303 masu taransista a 1967. An ci gaba da ƙera 303 har 1985. A Amurka, Dynaco ST-70 ta David Hafler ta fito a 1959 da wat 35 a kowane ɓangare, aka sayar da fiye da 300,000, da yawa a matsayin kayan da mai saye zai haɗa da kansa. McIntosh MC275 mai wat 75 ta biyo baya a 1961.

Shekarun 1970 na kamfanonin Japan ne: Pioneer, Sansui, Kenwood, Technics, Akai, Sony da Yamaha, tare da Marantz wanda asalinsa na Amurka ne amma ake ƙera yawancin kayansa a Japan. Sun shiga gasar yawan wat har ta kai hukumar kula da kasuwanci ta Amurka ta kafa doka a 1974 kan yadda za a riƙa auna ƙarfin da ake tallatawa. Gasar ta kai ƙololuwa da irin su Pioneer SX-1980 ta 1978, mai wat 270 a kowane ɓangare da nauyin kusan kilo 35. A wannan shekarar kuma NAD 3020 ta fito da wat 20 kacal da farashi mai sauƙi, ta zama ɗaya daga cikin amfilifayoyin da aka fi saya a tarihi.

Abin da ya haɗa waɗannan na'urori shi ne yadda aka gina su. Kowane taransista, kafasita da rezista a warwatse yake a kan allo, ana iya ganinsa, a auna shi, a cire shi da ƙarfen liƙa dalma a sa wani. Kamfanoni kuma kan buga littafin gyara mai ɗauke da taswirar haɗin wayoyi.

Zuwan sitiriyo kudancin Kaduna

Kogin Kaduna ya raba birnin gida biyu. A kudancinsa akwai unguwannin Kakuri, Makera, Barnawa, Nasarawa, Television, Narayi, Sabon Tasha da Unguwar Romi, a ƙarƙashin ƙananan hukumomin Kaduna ta Kudu da Chikun. A nan aka tara masana'antun birnin. Masaƙar Kaduna, wato KTL, ta fara aiki a Kakuri a 1957 da haɗin gwiwar gwamnatin Jihar Arewa ta Sardauna Ahmadu Bello da wani kamfanin Ingila. Masaƙun Nortex, UNTL da Arewa sun biyo baya a shekarun 1960, haka ma kamfanin ƙera makamai na DICON da aka kafa a 1964. Kamfanin Peugeot ya fara haɗa motoci a Kakuri a 1975, matatar mai ta Kaduna kuma ta fara aiki a 1980. Dubban ma'aikata daga sassan Najeriya suka zauna a waɗannan unguwanni, suna karɓar albashi duk wata.

Ƙarin albashin Udoji shi ya buɗe ƙofar sayen kayan alatu. Kwamitin Jerome Udoji da gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta kafa a 1972 ya miƙa rahotonsa a 1974, kuma a farkon 1975 aka biya ma'aikatan gwamnati ƙarin tare da bashin watannin baya a dunƙule. Ma'aikatan kamfanoni masu zaman kansu suka yi ta yajin aiki har su ma aka ƙara musu. Babur, firiji, talabijin da sitiriyo na cikin abubuwan da aka fi saya da kuɗin. A wancan lokaci naira ɗaya ta fi dalar Amurka ɗaya daraja, don haka kayan Japan ba su gagari ma'aikaci mai matsakaicin albashi ba.

Sitiriyo ya zama abin ado na falo: amfilifaya mai fuskar azurfa, garmaho a sama, rikoda a ƙasa, manyan sifikoki biyu na katako a gefe. Kamfanonin EMI, Decca da Phonogram na buga faya-fayai a Najeriya, kuma ana sauraron Mamman Shata, Ɗan Maraya Jos, Bongos Ikwue, Fela Kuti, Sunny Ade da ƙungiyar Bala Miller ta nan Kaduna, tare da waƙoƙin finafinan Indiya, Jimmy Cliff da Don Williams.

Zamanin bai daɗe ba. Dokar tsuke bakin aljihu ta gwamnatin Shehu Shagari a 1982 ta taƙaita shigo da kaya, shirin SAP na 1986 kuma ya karya darajar naira. Daga nan sabon kaya ya yi wuyar saye, aka koma ga kayan tokumbo da ke shigowa ta Legas, musamman kasuwar Alaba, da kuma gyara abin da ake da shi. KTL ta rufe a 2002, UNTL a 2007, sauran masaƙun ma suka durƙushe a tsakanin waɗannan shekaru. Iyalan da suka rasa albashi sun sayar da kayan gida da yawa, wasu na'urorin kuma aka tura su ɗakin ajiya bayan zuwan faifan bidiyo da sifikokin China.

Samfuran da aka sake ƙerawa

McIntosh ya daina ƙera MC275 a farkon shekarun 1970, ya dawo da ita a 1993, kuma har yanzu tana kasuwa. Amma yawaitar irin wannan dawowa ta fara ne daga baya. Panasonic ya farfaɗo da sunan Technics a 2014, ya dawo da garmahon SL-1200 a 2016. JBL ya dawo da sifikar L100 ta 1970 a 2018, sannan a 2021 ya fitar da amfilifayar SA750 da kamannin wata tsohuwa ta shekarun 1960, don cikarsa shekara 75.

A 2020 sunan Leak ya dawo bayan kusan shekara 40 da ɓacewa, da Stereo 130 wadda aka zana bisa Stereo 30 ta 1963. A 2022 NAD ya fitar da C 3050 LE guda 1,972 kawai don tunawa da shekarar kafuwarsa, Mission kuma ya fitar da 778X. A 2023 Musical Fidelity ya dawo da A1 ta 1985, wadda Tim de Paravicini ya tsara, Naim kuma ya ƙera Nait 50 guda 1,973. A ƙarshen 2024 Quad ya sake fitar da 33 da 303.

Ana iya kasa waɗannan na'urori gida uku. Akwai waɗanda suka riƙe tsarin lantarki na asali da ɗan gyara, kamar MC275 da A1. Akwai waɗanda suka riƙe aƙidar tsarin amma aka sake zana shi, kamar Quad 303. Akwai kuma waɗanda fuska ce kawai ta da: NAD C 3050 na da akwatin kamar na katako da agogon auna sauti mai allura, amma cikinta ajin D ne mai wat 100. Wasu daga cikinsu na ɗauke da Bluetooth ko ƙofar karɓar sauti daga kwamfuta da talabijin, abin da ba a san shi ba a zamanin samfuran asali.

Dalilan farfaɗowar

Dalili na farko shi ne dawowar faifan garmaho. Ƙungiyar kamfanonin waƙa ta Amurka, RIAA, ta bayyana cewa a 2022 an sayar da faya-fayan garmaho miliyan 41 a ƙasar, CD kuma miliyan 33, karo na farko da garmaho ya wuce CD a yawa tun 1987. Allurar garmaho na fitar da sauti mai rauni ƙwarai, sai da amfilifaya mai ƙofa ta musamman, kuma da yawa daga cikin tsofaffin na'urori suna da ita. Waƙoƙin Najeriya na cikin abin da ake sake bugawa: kamfanin Strut ya fitar da tarin Nigeria 70 a 2001, Soundway ya fitar da Nigeria Special a 2008, Luaka Bop ya tattara waƙoƙin William Onyeabor a 2013, a shekarar kuma Sahel Sounds ya buga waƙoƙin finafinan Hausa a kan faifai.

Dalili na biyu na kasuwanci ne. Tsofaffin sunayen sun koma hannun manyan kamfanoni kaɗan. Quad, Leak, Mission da Wharfedale na ƙarƙashin IAG ne, mai masana'antu a China. JBL na ƙarƙashin Harman, wanda Samsung ya saya a 2017, kuma a 2025 Harman ya ƙara da Marantz da Denon. Bose ya sayi McIntosh a 2024. Ga mai irin wannan suna, tarihi jari ne: ƙananan amfilifayoyin ajin D daga China, irin na Fosi da Aiyima, na bayar da sauti mai tsabta a kan 'yan daloli, don haka da wuya a yi gasa da su ta farashi ko yawan wat. Abin da ba su da shi shi ne suna da labari.

Dalili na uku shi ne masu saye. Waɗanda suka yi ƙuruciya a shekarun 1970 yanzu suna da kuɗin sayen abin da ya gagare su a da, matasa kuma na sha'awar na'ura mai maɓallin murɗawa wadda ba ta dogara da manhajar da kamfani zai iya daina sabuntawa ba. Zaman gida na annobar korona a 2020 ya ƙara wa kayan sauti na gida kasuwa, haka ma yaɗuwar wuraren shan shayi da sauraron faifai da aka kwaikwayo daga Japan.

Muhawara kan sauti

Masu son tsofaffin samfura na cewa sautinsu ya fi taushi da daɗin saurare na dogon lokaci. Akwai bayanin kimiyya ga wani ɓangare na wannan. Bawul kan ƙara wa sauti wani ɗan gurɓacewa da kunne ke ji kamar kauri, kuma idan aka matsa masa fiye da ƙarfinsa yana yanke sauti a hankali, saɓanin taransista da ke yankewa da kaifi.

Injiniyoyi da yawa kuma na ganin an zuzuta bambancin. A 1985 Bob Carver ya amsa ƙalubalen mujallar Stereophile, ya daidaita amfilifayarsa mai taransista har editocin suka kasa bambanta ta da wata mai bawul da ta ninka ta tsada. A 1987 mujallar Stereo Review ta buga sakamakon gwajin da masu saurare ba su san na'urar da ke kunne ba, kuma ba su iya rarrabe mai araha da mai tsada yadda za a dogara ba. Bisa wannan ra'ayi, sifika da ɗakin da ake saurare sun fi amfilifaya tasiri.

Akwai kuma sukar da ta shafi gyara. Abin da ya sa na'urar 1975 ke aiki har yau shi ne sauƙin gyaranta. Sabuwar da aka yi da kamanninta na iya ɗauke da ƙananan kayan da inji ya liƙa a kan allo, da kwakwalwar da ke buƙatar manhajar kamfani. Idan ɓangaren dijital ya mutu bayan an daina ƙera shi, akwatin katako da allurar agogo ba za su cece ta ba.

Ƙarancin bawul

Na'urori masu bawul na da wata matsala ta daban. Bawul na ƙarewa da amfani, sai an canza shi bayan 'yan shekaru, kuma masana'antun da ke ƙera shi a duniya ba su da yawa. Manya daga ciki su ne ta Saratov a Rasha, wadda ke ƙera wa kamfanin New Sensor na Amurka sunaye irin su Sovtek, Electro-Harmonix da Tung-Sol, sai JJ Electronic a Silobakiya, da wasu 'yan kaɗan a China. A watan Maris na 2022, bayan fara yaƙin Yukiren, Rasha ta sa bawul a jerin kayan da ta taƙaita fitarwa, masu saye suka ruga suna tarawa, farashi ya yi tsalle. Western Electric na ƙera bawul ɗin 300B a Rossville ta jihar Jojiya a Amurka, amma a farashin da ya fi ƙarfin yawancin masu amfani. Wannan ya sa tsofaffin ƙwayayen da ba a taɓa amfani da su ba, ko waɗanda ke cikin tsofaffin rediyoyi, suka zama kaya masu daraja.

Farashi da wutar lantarki a Kaduna

Sababbin samfuran ba su da kasuwa mai faɗi a kudancin Kaduna, kuma lissafi ya nuna dalili. An fitar da Leak Stereo 130 a kan fam 699, Nait 50 a kan fam 2,699, Quad 33 da 303 kuma fam 1,199 kowace. Bayan sakin darajar naira a watan Yuni na 2023, dala ta tashi daga wajen naira 460 zuwa fiye da 1,500 a farkon 2024, fam ɗaya kuma ya haura naira 2,000 a ƙarshen shekarar. Ke nan Quad guda biyu sun kai kusan naira miliyan 5 kafin kuɗin dako da na kwastan, fiye da albashin shekara 5 na ma'aikacin da ke karɓar mafi ƙarancin albashin Jihar Kaduna na naira 72,000 a wata.

Wuta ma wani shinge ce. A watan Afrilu na 2024 hukumar NERC ta ƙara kuɗin wuta ga masu rukunin Band A daga wajen naira 68 zuwa 225 a kowane yunit, daga baya aka ɗan rage zuwa ƙasa da 210. Amfilifayar da ke jan wat 200, idan aka kunna ta awa 5 kullum, za ta ci yunit 30 a wata, wato fiye da naira 6,000 a wannan farashi, yayin da ta ajin D za ta yi aikin da kaso kaɗan na haka. Janye tallafin fetur a ranar 29 ga Mayu 2023 ya sa kunna janareta ya yi tsada. A watan Oktoba na 2024, lalata layin Shiroro zuwa Kaduna da matsalar layin Ugwuaji zuwa Apir sun bar yawancin jihohin Arewa cikin duhu fiye da mako guda. Gidan da ya koma sola da batir kuwa yana ƙirga kowane wat.

Manyan masu amfani da amfilifaya a waɗannan unguwanni su ne coci-coci, masallatai, masu kiɗan biki, gidajen kallon ƙwallo da masu talla a kasuwa. Buƙatarsu ƙarfi ne da juriya. Shi ya sa ake yawan ganin na'urorin Ahuja na Indiya, waɗanda ke aiki da wutar gari ko batirin mota, da manyan amfilifayoyin China, da kuma waɗanda masu gyara ke haɗawa da hannu, su naɗa taransifoma da kansu su jera taransistoci a kan ƙarfen sanyaya. Wannan haɗi na gida yawanci ajin AB ne, wato tsarin shekarun 1970 da bai taɓa barin teburin mai gyara a Najeriya ba.

Gyara

Tsohuwar amfilifaya na da cututtuka sanannu. Kafasita mai ruwa a ciki na bushewa da shekaru, sai a ji gurnani a sifika ko sauti ya raunana. Ƙa'idar da injiniyoyi ke amfani da ita ita ce duk ƙarin zafi na digiri 10 na rage rayuwar irin wannan kafasita da rabi, kuma a Kaduna zafin Maris da Afrilu kan wuce digiri 35. Ƙurar hunturu na shiga maɓallan murɗawa ta jawo ƙarar karce, damina kuma na kawo tsatsa. Hawa da saukar wuta na ƙona taransistocin ƙarshe, shi ya sa ake haɗa na'urar da sitabilaiza.

Kayan tokumbo na da nasu haɗarin. Wutar Najeriya bolt 230 ce, ta Amurka 120, ta Japan 100. Na'urar da aka yi wa kasuwar Amurka ko Japan, idan aka jona ta kai tsaye ba tare da taransifomar rage wuta ba, tana iya ƙonewa nan take.

Yawancin waɗannan matsaloli ana magance su da kaya masu arha. Taransistar 2N3055, irin wadda ke cikin NAD 3020, har yanzu ana ƙera ta. Inda gyara ke cijewa shi ne na'urorin da aka yi da dunƙulen STK na kamfanin Sanyo, wanda aka daina ƙerawa, da wasu taransistoci na musamman irin na Pioneer SX-1980. Jabun kaya sun cika kasuwa: lamba ɗaya a jiki, amma abin da ke ciki ƙarami ne, yana ƙonewa da zarar an ƙara murya. Mai gyaran da ke son abokin ciniki ya tafi da wuri kan cire allon asali gaba ɗaya ya sa ƙaramin allon ajin D. Na'urar za ta yi magana, amma a idon masu tara tsofaffin kaya darajarta ta tafi, domin suna biyan kuɗi ne a kan abin da ke ciki na asali.

Gwangwan da dokokin shara

Babban abokin hamayyar mai gyara shi ne mai sayen gwangwan. Nauyin tsohuwar amfilifaya na zuwa ne daga taransifoma mai jan ƙarfe da ƙarfen sanyaya na alminiyom, kuma 'yan jari bola na biya bisa kilo. Na'urar da ake nema a eBay ko Reverb da ɗaruruwan daloli na iya ƙarewa a ƙarƙashin guduma idan mai ita bai san abin da ke hannunsa ba. Dandalin Jiji da Facebook sun fara rage wannan giɓi, domin mai waya na iya duba lambar samfur ya ga abin da ake sayar da shi a wasu wurare. Tashin farashi a ƙasashen waje na nufin kuma cewa masu kyau daga cikin tsofaffin na'urori ba sa faɗowa cikin kwantenar tokumbo kamar da.

Dokoki ma sun shigo ciki. Bayan zubar da guba a garin Koko a 1988, Najeriya ta shiga yarjejeniyar Basel ta 1989 kan safarar shara mai haɗari. An kafa hukumar NESREA a 2007, ta fitar da ƙa'idojin kayan lantarki a 2011, waɗanda suka yarda a shigo da tsohon kaya mai aiki amma suka hana wanda ya mutu. Binciken da Jami'ar Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi da abokan aikinta a tashoshin jiragen ruwa na Legas a 2015 da 2016 ya gano ana shigo da kusan tan 60,000 na tsofaffin kayan lantarki a shekara, kuma fiye da tan 15,000 daga ciki ba sa aiki. Daga ranar 1 ga Janairu 2025, gyaran da Gana da Suwizalan suka gabatar ga yarjejeniyar Basel ya wajabta neman izinin ƙasar da za a kai wa kowace irin sharar lantarki. A ƙarƙashin irin waɗannan dokoki, amfilifayar da kafasita ɗaya ta hana ta aiki tana cikin lissafin shara, ko da mai gyara zai tashe ta cikin awa guda. Ƙona wayoyi da alluna don ciro jan ƙarfe kuma na fitar da hayaƙi mai ɗauke da dalma, wanda ke cutar da masu aikin da maƙwabtansu.

Koyon sana'a

Makomar na'urorin da suka rage ta rataya ne a kan masu iya gyara su. Tsofaffin masu gyaran rediyo da talabijin na Kakuri, Television da Sabon Tasha sun koyi aikin ne a zamanin da ake bin matsala daga wannan ƙwaya zuwa waccan da mita da taswira. Matasan da ke shiga gyaran lantarki yanzu sun fi karkata ga waya, inbata da sola, inda kuɗi ya fi saurin shigowa kuma aikin ya fi zama na canza allo gaba ɗaya.

A tsallaken kogi, kasuwar Panteka ta daɗe da zama cibiyar masu ƙere-ƙere da koyon sana'a a birnin. Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna ta ƙulla alaƙa da masu sana'ar kasuwar a lokacin shugabancin Farfesa Idris Bugaje, wanda a 2021 ya zama shugaban hukumar NBTE mai hedikwata a Kaduna, kuma hukumar na kula da tsarin bai wa masu sana'ar hannu takardar shaidar ƙwarewa ta ƙasa. Ilimin da ake buƙata don gyara amfilifaya, wato naɗa taransifoma, auna taransista da gane yadda zafi ke kashe kayan lantarki, shi ne kuma ginshiƙin gyaran inbata da sitabilaiza, waɗanda buƙatarsu ke ƙaruwa a birnin. Littattafan gyara na yawancin samfuran Pioneer, Sansui, Marantz, Quad da NAD suna nan a intanet, masu sha'awa sun ɗauki hotonsu sun ɗora, kuma ana iya karanta su a waya.